Layi Na Ɗaya, Harafi Na Dubu Arba'in

Danang ne ya matse rubutun kwamfuta da ke tafiyar da shafin intanet ɗin. Ƙaramin kamfaninsu da ke Yogyakarta ya gina wa wani asibiti shafin karɓar lambar ganin likita, kuma mutanen ƙauye sun dame su da ƙorafin cewa shafin ba ya buɗewa da wuri a wayoyinsu. Sai ya kwashe duk tazarar da ke cikin rubutun, ya mayar da dogayen sunaye harafi ɗai-ɗai, layi dubu uku ya dunƙule ya zama ɗaya. Shafin ya koma buɗewa nan take, har maigidansu Pak Sugeng ya yaba masa a gaban kowa.

Wulan, abokiyar aikinsa, ta ce masa, "Mas Danang, ka ajiye taswirar da za ta mayar mana da sunayen asali. In abu ya lalace, da me za mu gane?"

"Haba Mbak, ke kullum sai kin hango masifa. Zan yi gobe."

Bai yi ba.

Ranar Litinin maɓallin rajista ya daina aiki a wasu wayoyi. Tsofaffi suka yi tafiyar awa biyu a kan babur, suka tarar babu sunansu a jerin. Rahoton kuskuren da ya iso ofis kuwa bai ce komai ba sai: layi na ɗaya, harafi na dubu arba'in, "t" ba ya nan. Wane ne "t"? Babu mai iya faɗa.

Da yake Wulan ce ta taɓa fom ɗin a ƙarshe, kanta Pak Sugeng ya sauke faɗansa. Kwana biyu tana bin aikinta layi-layi, shayinta na hucewa a gefe. Danang yana teburin da ke kallon nata, ya kasa ɗaga ido. Ran Laraba da hantsi ya warware rubutun a ɓoye, ya gano "t" ɗin. A ɓangarensa yake, wurin lissafin kwanan wata. Ya gyara cikin minti biyar, bai gaya wa kowa ba. Ƙorafi ya tsaya, amma shi abin bai bar ransa ba.

Washegari ya same ta a rumfar mai sayar da miyar soto, ya zauna a ƙarshen benci.

"Mbak, kuskuren nan nawa ne. Kuma ban ajiye taswirar ba."

Ta ci gaba da matsa lemun tsami a kwanonta. "Na sani tun jiya. Na ga sunanka a kan gyaran."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ina jira in ga ko kana da baki ne."

Kunya ta rufe shi. Ta ce ita faɗan bai dame ta ba kamar wata tsohuwa da ta kira ofis tana tambaya ko ita ce ba ta iya danna waya ba.

Da suka koma, ya shiga wurin Pak Sugeng ya faɗi komai. Maigidan ya fito da kansa ya ba Wulan haƙuri. An bar rubutun a matse, aka yi taswirar aka adana ta a inda su kaɗai ke gani. Danang ya nemi lambar tsohuwar, ya fita baranda ya kira ta.