Wane Ya Hau Kamalu

"Wallahi ba za a sa ta cikin abin nan naka ba," in ji Zuliha.

"Abin nan nawa yana da suna, makara ake ce mata," Kamalu ya ce. "Ke dai ki fito fili. Don ni na ƙera ta ne."

"Ni ban ce ba. Inna ce ta ce."

"Inna ta ce, Inna ta ce! Ga Innar nan kwance, ta faɗa da bakinta mana."

Innar dai ita ce Hadijatu, ƙawata tun muna 'yan mata muna tallar fura a Bauranya. Tana kwance kan katifa ta ba mu baya, cikinta ya kumbura kamar an kifa mata masaki. Daga asibiti aka dawo da ita, likita ya ce a kai ta gida a yi ta addu'a, kowa kuwa ya san fassarar wannan magana. Ni ina gefenta da mafici ina mata fifita, na yi kamar kunnena ya toshe. Bai toshe ba.

Kamalu shi ne ɗanta na fari, mai walda a bakin titin Kankia. Zuliha ƙanwarshi ce, tana aure a Mawashi. Abin da ya haɗa su, Hadijatu ta bar wa Zuliha wasiyya cewa in ta cika a ɗauke ta a tsohuwar makara ta gwangwala, kada a kawo ta ƙarfen da Kamalu ya ƙera wa masallacinmu. Zuliha ta buga mashi waya, ya hau babur ya iso, ko baƙin hannunshi bai wanke ba.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma na san abu in ya gama ƙeruwa. Ku dubi ludayi. Duma ne Allah Ya tsiro da shi da mariƙinshi, aka tsaga biyu, magana ta ƙare. An kawo na roba ja da shuɗi, to siffar wa suka sata? Ku dubi faifai: a yi shiƙa da shi, a rufe ƙwarya, a kore kaji, in miji ya yi magana marar daɗi a ɓoye dariya a bayanshi. Turmi kuwa wanda ya yi mashi wannan ƙugun ya san mata, don da ƙafa ɗaya za ki karkato shi ki gangara da shi har ƙofar ɗaki. Buta ko makaho ya shafa ta ya san inda bakinta ya dosa. Duk abin da ya kai nan, in kin ƙara mashi kin ɓata, in kin rage kin ɓata. Kuma ba a san wanda ya fara shi ba. Ban taɓa jin an ce ludayin wane ba, sai dai in an ara ba a mayar ba.

Makarar gwangwala tana cikin wannan sahu. Ba ta da nauyi, tana lanƙwasa da kafaɗar masu ɗauka, dogo da gajere su tallabe ta ba mai kuka. Ba ta ƙara. In an dawo da ita a jingine ta bayan masallaci, ki wuce ta sau nawa ba ki tuna mutuwa ba, sai ki ce tsani ne.

Amma a ba Kamalu gaskiyarshi. Ranar da aka ɗauki ubansu Malam Umar, ana tsakiyar hanya gwangwala ɗaya ta tsage, gara ta cinye ta daga ciki ba a sani ba. Ƙafafun mamaci suka zame har likkafani ya taɓa ƙasa. Maza suka dawo ba mai kallon wani. Kamalu ya yi rantsuwa ba wanda za a ƙara yi wa haka a garin nan. Ya koma Kankia ya ƙera ta ƙarfe, sadaka ga ubanshi: bututu mai kauri, murfi mai baka, koren fenti daga shagon Obi mai kayan gini, har robar hannun babur ya sa a mariƙanta don kada ta ci tafin hannu. Aiki dai ya yi aiki.

Sai hannu ya yi abin da ya saba. Kun san masu walda, ko ƙyauren bayan gida suka yi sai sun sa tambarinsu. A gefen makarar, da farin fenti, manyan baƙaƙe: KAMALU WALDA KANKIA, ga lambar waya a ƙasa. Na hango ta ta tsagar dangarmu ranar da aka fara ɗaukar mutum a cikinta, na haɗa baƙin ɗaya bayan ɗaya, na ce ikon Allah, mamacin ne zai kira shi ko masu rakiya?

Da yamma a gidan gaisuwa wata ta tambayi yadda aka yi, sai aka ce mata, ai Malam Sada ya hau Kamalu. Mata suka cusa baki cikin mayafi. Wa ya fara faɗa? An ce wata tsohuwa ce mai ɗan karatu. Tsofaffi dai suna da yawa a Bauranya.

Kafin damina ta zagayo magana ta zauna daram. In an yi rasuwa liman da kanshi sai ya ce a je a ɗauko Kamalu, bai ma san ya faɗa ba. Uwa ta ga ɗanta zai sha ruwan kududdufi, ta ce sha, Kamalu na jiranka. Masu faɗa a bakin rijiya, Allah Ya haɗa ki da Kamalu. Har kasuwar Kusada na ji wani mai babur yana ce wa abokinshi ya rage gudu, shi bai shirya wa Kamalu ba. Tun daga nan ba a ƙara raɗa wa jariri sunan a garinmu ba. Mai sunan kaɗai ne bai sani ba, don yana Kankia, kuma mutum ne mai kyauta da saurin hannu, wa zai tare shi? Duk gabanin azumi yakan zo da gwangwanin fenti ya sabunta rubutun, samari suna mashi sannu da aiki.

Hadijatu kuwa jikar Fulani ce, alkunyarta ta ɗan fari ta fi ta kowa a cikinmu. Tun da aka yaye Kamalu aka miƙa wa kakarshi, ba ta taɓa kiran sunanshi ba. Sai wancan, sai yayanku, sai mai ƙarfe. Ya kawo mata atamfa ta ce a ajiye can, sai ya tafi ta ɗauko ta shinshina. In muna zaune aka ce wane ya hau Kamalu, sai ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta, ko da a gidan wani muke.

"Ki faɗa mani aibunta ɗaya," Kamalu ya ce wa Zuliha. "Ta taɓa yar da wani? Ruwa ya taɓa dukan gawa a cikinta? Waccan ruɓaɓɓiyar da kuke magana, kin manta abin da ta yi wa Baba?"

"Mai gidana zai sayo sabuwar gwangwala a Kusada, a sake ɗaurinta."

"Mai gidanki! Surukinta ya isa ya yi mata makara, ni da ta haifa ban isa ba? Na yi mata gado, yana can zaure awaki na kwana a kai. Na yi mata murhu, ke ta ba. Abu ɗaya da na san dole ta karɓa daga hannuna, don ba za a tambaye ta ba, shi ma ta riga ta toshe."

Sai ya juyo kaina. "Gwaggo, ke ba abin da ke wuce ki a garin nan. Me na yi mata?"

Na ce, "Ɗan nan, ni fifita nake."

"Fifitar ta tsaya tun ɗazu."

Na duba, gaskiya ne, maficin yana kan cinyata. Zuliha ce ta cece ni, ko in ce ta fasa ƙwan.

"Yaya, kai kaɗai ne ba ka san sunanta ba. Ba mai ce mata makara. Kamalu ake ce mata. In mutum ya mutu sai a ce ya hau Kamalu. Da sunanka ake tsorata yara, da shi ake tsinuwa. Jiya a bakin ƙofar nan na ji wata tana cewa Hadijatu ta kusa hawa ɗanta."

Ya yi dariya, irin wadda ba haƙori a cikinta. Ya dube ni yana jiran in ce sharri ne.

Na ce, "An daɗe ana faɗa. Har Mawashi."

"Har liman?"

"Shi ba da gangan yake yi ba."

Ya zauna kan buhun gero. Ya dubi hannuwanshi. Can ya ce, "To ai fenti ne. Yanzun nan in kankare shi, in shafe da kore."

Na ce, "Da a jikin ƙarfen yake, da ka kankare. Ya bar ƙarfe tuni, yana bakin mutane. Ko baƙa ka mai da ita, ko garin ka canza mata, in an ga murfin nan daga nesa kai za a kira."

Sai Hadijatu ta motsa. Ba ta juyo ba, bango take wa magana, muryar kamar ana jan tabarma.

"Zuliha. Ki gaya mashi ba aikinshi na ƙi ba. Aikin yana da kyau, na leƙa na gani." Ta huta, muka ji numfashinta yana kokawa. "Sunan nan ni na riƙe shi ban taɓa ba, kamar yadda aka koya mani. Ba na so ranar da zan tahi a tsaya a ƙofata ana cewa a ɗauko shi, shi ne zai kai ni rami. Ban haifi mutuwa ba."

Zuliha ta fashe da kuka. Ni ma idona ya yi yaji, amma hayaƙin maƙwabta ne.

Kamalu ya sauko daga kan buhun ya durƙusa bakin katifa, wurin da ban taɓa ganin ya kai ba.

"Inna, na ji. Yau zan ɗauke makarar ƙarfen in kai Kankia in yayyanka ta, in yi kejin kaji da ita. Gwangwalar ma ni zan sayo, ni zan ɗaure ta da hannuna, ba rubutu ba komai. Abu ɗaya nake roƙo. Gari duk ya kira sunan nan ya mai da shi abin da ya mai da shi. Ke ki kira shi sau ɗaya, in ji yadda yake tun asali. Ba kowa a nan sai Zuliha da Gwaggo."

Na so in ce Gwaggon ita ce matsalar, na haɗiye.

Hadijatu ta juyo da fuskarta a hankali. Ta dube shi, ba ta gefen ido ba, sosai ta dube shi, tun daga furfurar da ta fara fito mashi har tabon wuta na wuyan hannunshi. Leɓenta ya buɗe. Na ga harshenta ya tashi ya nufi ganɗa, na rantse da Allah na gani. Zuliha ta toshe bakinta da gefen zane.

"Zuliha," ta ce. "Ki zuba wa yayanki abinci kafin ya kama hanya. Ya rame."

Ta mai da fuskarta bango.

Kamalu ya daɗe a durƙushe. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonshi, ya ɗauki makullin babur daga kan buhu. Zuliha ta ce, "Yaya, tsaya mana, ga tuwo," ta kama hannun rigarshi. Ya zare hannunta ba tare da ya dube ta ba. Ya fita, ya jawo ƙyauren ya buga shi da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo mana daga azara.