Cibiyar Darduma

Sai da Auta ta kai zagaye na arba'in sannan ta lura da ɗinkin. Jan zare ne, ɗan kamu uku a karkace, can a tsakiyar dardumar. Mutum ɗaya ta sani mai kama yaga da jan zare ko da zanen shuɗi ne: Innarsu, wadda yau shekararta tara da rasuwa.

Ta ajiye kwarashin. Sana'arta ke nan, ta yanka tsofaffin tufafi siri-siri ta saƙa darduma. Da Yaya, babbarsu, za ta sake gida, ta aiko mata da buhu biyu, ɗaya na tsummokara, ɗaya na ajiya. Ita kuwa Auta hannunta ya fi idonta sauri. Cibiyar darduma sai yadi mai laushi, don haka ta zura hannu a buhun da ya fi kusa, ta jawo wanda ya fi taushi, a baibai, ta bi shi da almakashi. Ashe zanen da Inna ta goya su da shi ne, su shida. Yaya ta daɗe tana tattalinsa don jikanta na fari, ga shi kuwa jikan ya iso wata biyu da suka wuce.

Aikin gama ya gama. Ko ta warware zagaye arba'in ɗin, igiyoyi za ta samu, ba zane ba. Yaya kuma ba a taka ta a kwana lafiya. Ta taɓa shekara ba ta gaisa da wani ƙaninta ba a kan kwanon Inna da ya fasa. Auta ta ji tsoro sosai, don ba ta da wata uwa yanzu sai ita.

Da la'asar Yaya ta yi sallama da jaririn a kafaɗa.

"Auta, ɗauko min zanen nan. Yau zan goya mai gidana."

Auta ta jawo dardumar ta shimfiɗa, ta ɗora yatsa a kan jan zaren.

Yaya ta durƙusa a hankali. Ta daɗe tana shafa wurin.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Yaya. Buhun na rikita. Duk abin da kika yi min, ni na ja."

"Kin san sau nawa na buɗe shi a shekara tara? Sau biyu. Na biyun na tarar asu ya fara ci, na naɗe ban gaya wa kowa ba." Ta ja ajiyar zuciya. "Tun a hanya nake fargabar ya yage da ɗan mutane a bayana."

Ta kwantar da jaririn daidai kan cibiyar. Ya yi miƙa, ya wuntsila ƙafa, sai ga lema tana yaɗuwa a kan shuɗin.

Auta ta yunƙura za ta ɗauke shi, Yaya ta riƙe mata hannu.

"Bar shi. Mu shida duk mun yi masa haka, ke ma kin fi kowa."

Sai a lokacin Auta ta ɗauki kwarashin, ta nemi bakin igiyar da ta bari.