Komi a Bencin Baya

Shekara ashirin da uku ke nan Mama Damaris tana shirya wasan haihuwar Yesu a cocinsu da ke unguwar Romi, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kwantar da 'yar tsana a komin dabbobi ba. Ƙa'idarta ɗaya ce, kowa ya san ta: jaririn da aka haifa a ƙarshe a ikilisiya kafin Kirsimeti, shi zai kwanta a matsayin Yesu, uwarsa kuma ta zauna a gefen komin don kada ya yi kuka. Ɗan direba ya taɓa kwanciya, 'yar mai tuyar ƙosai ma ta taɓa. Wata shekarar tagwaye aka samu, aka yi ta musanya su.

Bana sai abin ya faɗo kan ɗan Vicky.

Vicky ba ta da aure. Wanda ya yi mata cikin, wani ma'aikacin kamfani a Kudenda, ya tattara komatsansa ya ɓace tun kafin magana ta fito. Dattawan ikilisiya suka sa ta a horo: ba waƙa a kwaya tare da mawaƙan coci, ba jibin Ubangiji, ba zama a gaba, sai bencin baya na bakin ƙofa inda ake jingine tsintsiya. Wanda ya karanta hukuncin a gaban jama'a kuwa Baba Ezekiel ne, shugaban dattawa, mahaifin Vicky. Tun ranar ta koma ɗakin ƙanwar mamanta. Ta haihu a tsakiyar Nuwamba, Baba Ezekiel ko bai taka ƙafa ya ga yaron ba.

Da aka shiga makonni huɗu na jiran zuwan Almasihu, Fasto ya yi ta wa'azi a kan shirya wa Ubangiji hanya. Jama'a na amsa amin da ƙarfi. Mama Damaris kuwa in ta waiwaya ta ga yarinyar nan ita kaɗai da goyo kusa da tsintsiya, sai amin ɗin ya fita daga ranta. Haushi take ji, kuma ba ta iya ɓoye haushi ba tun tana budurwa.

Lahadi ta biyu, bayan sujada, dattawa suka kira ta ofis.

"Mama," in ji Baba Ezekiel, "mun ji wai yaron nan za ki sa."

"Wane yaro, Baba? Ai yana da uwa, yana da kaka."

Ya kawar da kai. Dattijo Caleb ya buɗe leda ya fito da 'yar tsana sabuwa fil, mai shuɗin ido, wadda in an danna cikinta take tsuwa.

"Ga wannan, Mama. No wahala, ba kuka, ba fitsari."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Da furfurata zan sa ikilisiya ta durƙusa wa roba? Ku faɗa mini, yaron ma yana cikin horo ne?"

Babu wanda ya isa ya ce e.

"Yaron ba shi da laifi," in ji Baba Ezekiel a ƙarshe. "Amma uwar ba za ta taka gaban coci ba, ko taku ɗaya. In kika karya wannan, kin gama da wasan Kirsimeti a cocin nan."

A ganinsu sun ɗaure ta tam. Jaririn mako shida ba zai kwanta a hannun baƙi cikin kiɗa da hayaniya ba, dole ta haƙura ta karɓi robar. Mama Damaris ta gyara ɗankwalinta.

"Na ji. Ba za ta taka ba."

Wahalar gaske ma wajen Vicky ta sha ta. Yarinyar ta ce, "Mama, don Allah ki bar shi kawai. Kunyar da na ja wa Baba ta isa."

"Ke, ɗaga kanki ki dube ni. Abin da kika yi, kin roƙi Allah gafara?"

"Kullum."

"To shi ke nan. Wanda muke jira ɗin nan, ba don masu zama a gaba kaɗai ya zo ba. Ranar Kirsimeti ki yi wa yaro wanka, ki zauna a bencinki. Kada ki motsa."

Safiyar Kirsimeti coci ya cika maƙil. Zumuntar Mata sun sha sabon anko, ƙamshin shinkafa yana shigowa ta taga. Da lokacin wasa ya yi, wasu suka lura babu komi a gaba, suka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa Mama Damaris.

Lizzy, wadda ta fito a Maryamu, ta shigo tana jan ƙafa, Yusufu na riƙe da ita. Suka tsaya a layin farko na masu zaune suna neman masauki. Kamar kowace shekara, masu layin suka amsa da dariya, "Ba wuri!" Layi na biyu ma, "Ba wuri!" Amma maimakon su juyo gaba yadda aka saba, sai suka ci gaba da gangarawa. Kafin su kai tsakiya dariyar ta fara raguwa. Layukan ƙarshe da ƙyar suka iya furta kalmar.

A bakin ƙofa Mama Damaris ta yaye wani tsohon zane. Ga komin nan da ciyawarsa, dab da bencin horo. Ta karɓi jaririn daga hannun Vicky ta kwantar da shi, uwar na zaune a gefe, daidai inda dattawa suka ajiye ta.

Bencuna suka yi ta ƙara, jama'a na juyawa baya. Duk wanda ke son ganin Yesu sai da ya juya wa gaban coci baya.

Saura masana taurari. Tun da aka fara wasan nan, dattawa uku ne ke fitowa a wannan matsayi, da manyan riguna da hulunan kwali masu ƙyalli, su bi tauraro su durƙusa su ba da kyauta. Wata mata ta ɗaga tauraron a kan gora ta nufi baya. Dattijo Caleb da ɗayan suka dubi Baba Ezekiel. Shi kuwa ya ƙame, riƙe da kwalbar turare.

Mama Damaris ta ji tsoro, gaskiya. In tsohon nan ya juya ya fita, ta ƙara wa yarinyar kunya a kan kunya. Amma ta riga ta shiga, ba ja da baya. Ta jawo tulun kiɗa ta buga da tafin hannu, mata suka ɗauki waƙa.

Sai ya taka. Layi bayan layi ya bi, yana kallon ƙasa, har ya iso. Gwiwarsa ta yi ƙas da ya durƙusa. Ya ajiye kwalbar, ya daɗe yana kallon jaririn, wanda ya ɗauko goshinsa sak.

"Yaya sunansa?" ya tambaya, ba tare da ya dubi 'yarsa ba.

"Ba a raɗa masa ba, Baba," in ji Vicky. "Kai muke jira."

Sauran dattawan biyu suka miƙe yadda wasa ya tanada. Baba Ezekiel bai miƙe ba. Ya cire hular kwalin ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na girgiza.

Waƙar ta kai ƙarshe, mata suka dubi Mama Damaris. Ta san a Janairu za a sake kiranta ofis, mai yiwuwa wannan ne wasanta na ƙarshe. Su sauke ta mana. Ta yi wa mata alama da kai su sake ɗauka daga farko, ta ƙara wa tulun duka. Tsohon ba zai tashi yanzu ba, ita kuma ba ta ga dalilin gaggawa ba.