Fim ɗin Mahadi Wanzami

Samari sun doki Mahadi wanzami a tashar motar Tsafe wata Laraba bayan azahar. Wani direba ne ya ƙwace shi daga hannunsu, ya kwantar da shi a kujerar baya, ya kawo shi Gusau. Ina zaune a ƙofar gidana a unguwar Damba motar ta tsaya. Ni na kama kafaɗu, direban ya kama ƙafafu. Zabirarsa ba ta dawo ba, haka ma takalminsa ɗaya.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa tun muna da ƙarfinmu. Shi mai surutu ne, ni kuwa ba na son surutu. In yana aski a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, yakan kwaikwayi muryar duk wanda ya wuce, ko liman bai bari ba. Na sha faɗa masa mai furfura ba ya haka. Sai ya ce, "Malam Zakari, ɗaure fuskar da kake yi ta ishe mu mu biyu."

Fim ne ya jawo dukan. Ɗan ƙanwarsa, Tajuddeen, ya sayi kyamara, ya tara abokai, suka ce za su yi wasan ban dariya. Wai ana yaƙi tsakanin wasu garuruwa biyu da babu su a duniya. Aka rasa wanda za a tura leƙen asiri, sai aka tura wani tsohon wanzami, don ba wanda zai zarge shi. Da ya shiga garin abokan gaba ya ga bazawarar da ke dafa wa kwamandansu abinci, sai ya manta abin da ya kai shi. Duk rahoton da yake aikowa gida na miyarta ne, da yadda take ɗaura ɗankwali. Tajuddeen ya ce ba wanda zai iya wannan sai kawunsa. Na ce wa Mahadi kada ya shiga. Ya shiga.

Suka yi ta zuwa Bunguɗu, bakin gulbi, suna ɗauka. Yakan dawo da yamma da wata tsohuwar hular soja a ka, ya leƙo ta kan katanga, ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Matarsa Shafa'atu takan ɗaga murya daga madafa ta ce in ya gama da bazawarar fim, ga tuwon matar gaske nan yana hucewa.

Ba a gama haɗa fim ɗin ba wani ya yanki guntu ya sa a waya. Har yau ba a san ko wane ne ba. A guntun ana ganin Mahadi tsugune bayan rumbu, waya a kunne, yana raɗa cewa sun fito, sun nufi gulbi, a tare su ta gabas. Iyakarsa ke nan. A ƙasa aka rubuta wai ga ɗaya daga cikin masu kai wa ɓarayin daji labari.

A ƙasarmu ba a wasa da wannan magana. Da wuya ka sami gidan da bai san wanda aka ɗauke ko aka kashe ba. Ni kaina ƙanena ya bar gonarsa ta ƙauye ba noma, yana nan gari yana dako.

Tajuddeen ya bi majalisu yana bayani, yana nuna sauran hoton. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ai dama da irin haka ake fakewa. Tabarmar Mahadi da ke cika da masu jiran aski ta koma daga shi sai zabira. Yakan zauna yana wasa askar da ba ta dushe ba. Ni na ci gaba da ba shi kaina, don ban ga dalilin sake wanzami da tsufana ba. Ranar Larabar nan wani tsohon abokin hulɗarsa ne ya kira shi askin suna a Tsafe. Ya yi askin lafiya, aka sallame shi. A tasha wani ya dube shi, ya dubi waya, ya kira 'yan uwansa.

A asibiti suka ce haƙarƙari ya karye, kuma jini ya taru a ciki. Suka riƙe shi 'yan kwanaki, ya matsa sai an mai da shi gida. Aka yi masa shimfiɗa a ɗakin da ke kusa da zaure. Nakan shiga bayan la'asar, in zauna, in fito. Masu dubiya ba su da yawa. Liman ya zo. Wasila, wadda ta fito a matsayin bazawarar, ta zo da kunu a kwano, ta tsaya a tsakar gida tana ta gyara mayafi. Shafa'atu ta karɓi kwanon, ta shimfiɗa mata tabarma.

Wata rana ya sa Tajuddeen ya kawo kwamfutarsa. Ya ce ba zai mutu ba sai na gani. Na ce ban taɓa kallon fim ba, kuma ba a ɗakin majinyaci zan fara ba. Ya ce to in ɗauka cikin dubiya ne. Na zauna.

Na ga rumbun, na ga wayar, na ji raɗar. Daga nan hoton ya juya. Ashe jakunan kwamandan ne suka tsinke suka nufi ruwa, bazawarar na bin su da muciya, tana kiransa ya taimaka. Sojojin garin wanzamin suka fito daga cikin dawa da bindigogin katako, suka kewaye jakuna. Mahadi ya fara dariya a kan shimfiɗa, ya dafe gefensa, tari ya sarƙe shi. Shafa'atu ta shigo da ruwa, ta tallafe kansa.

Da ya sami numfashi ya ce, "Yaya ka gani, Malam?"

Na ce, "Jakunan sun fi ka iya wasa."

"Awo," in ji shi. "Amma dai ka kalla har ƙarshe."

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi. Ni da liman muka yi masa wanka. Sahun sallar bai kai yadda ya kamata a yi wa mutumin da ya aske rabin unguwa ranar sunansu ba. Wasu suna tsaye a bakin shagunansu har muka wuce da makara. Na dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar sadakar uku, babban ɗansa Kamilu ya tara mu a zaure: ni, da ƙannen mamacin, da Tajuddeen. Ya ce fim ɗin nan ne ya kashe ubansa, yana so a goge shi gaba ɗaya, a gabansa, yau. Baffanninsa suka goya masa baya. Suka ce ba daidai ba ne mutum yana kabari ana kallonsa yana rarrafe bayan rumbu, yara na ƙyalƙyala dariya. Tajuddeen ya sunkuyar da kai, kwamfutar na kan cinyarsa, ya ce duk yadda aka yanke. Aka tambaye ni. Na ce a goge. Ra'ayina ke nan tun farko, ban canza ba.

Labule ne kawai tsakanin zauren da cikin gida. Shafa'atu na zaune a bayansa cikin takaba, ba ma ganin komai sai ƙafafunta da gefen tabarma. Ta yi sallama, ta ce tana da magana. Ta ce guntun nan yana cikin wayar kowa daga nan har Tsafe, wa zai bi ya goge shi? In aka goge dogon, guntun ne kaɗai zai rage. Jikokinsa za su girma, wata rana wani ya nuna musu, kuma ba su da abin da za su nuna masa.

Kamilu ya ce, "Inna, mutane za su ce muna wasa da mamaci."

"Sun faɗi abin da ya fi wannan yana raye."

Babban baffan ya ce mai takaba ba ta shiga irin wannan shawara, ta bar wa maza. Kamilu ya tashi ya durƙusa kusa da labulen, ya sassauta murya.

"Inna, don Allah. Ki bari a rufe maganar nan haka."

Labulen bai motsa ba. A tsakar gida wata na wanke kwanonin sadaka.

"A'a," in ji ta. "Ba za a goge ba."