Ƙafar Gada Mai Suna Gwauro

"Baba, wane Gwauro kuma?" in ji 'yar, tana goge wa tsohon goshi da jiƙaƙƙen tsumma. Ta juyo wajen maƙwabcinsu. "Kawu, tun safe haka yake ta sambatu. Zafin ciwo ne."

Maƙwabcin, wanda 'yan bakin kogi ke kira Mai-Fito, ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin warin magani yake, da tsohuwar igiyar jirgi a rataye kan ƙusa. Ya san ba sambatu ba ne. Tsohon nan ne ya koya masa tuƙin jirgin ruwa, da zagi da rankwashi, a ƙarƙashin tsohuwar gadar ƙarfe mai ƙafa biyar. Matuƙan dā sun raɗa wa kowace ƙafa suna, ta tsakiyar da ta ware ita kaɗai kuwa ita ce Gwauro. Masu sanin sunayen duk ƙasa ta rufe musu ido. Saura su biyu, ɗayan kuma ga shi kwance.

Mai-Fito ya durƙusa a gefen gado.

"Ta ina ka bi Gwauro?" in ji tsohon, idonsa a rufe.

"Ta hagu, Maigida."

"Ruwa fa?"

"Ya kai masa wuya."

"To, kashe inji. Bar ruwa ya kai ka."

"Na kashe."

Tsohon ya murmusa. "Ƙarya kake. Kai da kunnen ƙashi, yaushe ka taɓa kashewa a kan lokaci?"

Mai-Fito ya yi dariya har hawaye ya zo masa, kuma ba na dariyar ba ne. Kafin rana ta karkata, rai ya yi halinsa.

Bayan kwana uku 'yar ta kulle gida za ta koma wajen mijinta. Tana riƙe da jaka ta ce, "Wai Kawu, wane ne Gwauron nan? Abokinsa ne?"

Ya buɗe baki zai fara daga farko, sai direban motar da ke jiran ta ya danna hon.

"Abokinsa ne," ya ce.

Da motar ta tafi ya gangara bakin ruwa ya zauna a jirginsa. Babu fasinja ko ɗaya. Kaɗaici ya danne shi yadda bai taɓa ji ba, sai ya shiga lissafa ƙafafun gadar da yatsa, yana kiran sunayensu a hankali. Uwar-Gida. Mai-Tabo. Gwauro. Da ya zo kan ta huɗu sai sunan ya ɓace masa. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa a nan.

Ya waiga wajen tagar tsohon don ya tambaya. Tagar a rufe take, ruwa kuma yana ta wucewa ta gindin ƙafa ta huɗu.