Kwalbar Saman Murhu

Mai Burodi ya ɗaga gefen jiƙaƙƙen tsumman a hankali, yadda ya saba leƙa kwaɓi ya ga ko ya kumbura. Shiru. 'Ya'yan tumatirin suna nan kwance a kan faranti yadda ya jera su tun makon jiya, ko ɗaya bai fasa baki ba. Sai ma wani baƙi-baƙi da suka yi. Ya gyara tabarau, ya kai farantin bakin taga, wai ko hasken ɗakin ne bai isa ba. Hasken taga ma bai sake zance ba.

Sanyin safiyar kuwa ba a magana. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, ruwan bokiti ya yi fata a sama. Ta tagar yana hango lambun bayan gida, wanda ya sha wahalar aunawa da turaku da igiya. Ga wurin albasa, ga na karas, ga kabeji can jikin shinge, kowane fangali daidai da ɗan'uwansa kamar gwangwanayen burodi a tanda. Wuri mafi samun rana kuwa, a tsakiya, ya bar wa tumatirin marigayiya matarsa.

Ai kun san mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tanda. Da ya yi ritaya suka dawo ƙauye, ita ce ta riƙe lambu, shi nasa ɗaukar ruwa da ci. Tumatirin nan nata ba shi da kyan gani, ƙato ne mai ƙusoshi kamar dunƙulen hannu, amma wanda ya ɗanɗana ba ya mantawa. Daga wurin kakarta ta samo irin, kowace shekara kuma ita ke cire na baɗi ta shanya. Bara Allah ya karɓi abarsa, ta bar masa kwalba guda.

Kwalbar nan ce ta tsare shi a gidan. Da farkon sanyi ya zame a bakin ƙofa ya bugu a ƙugu, sai 'yarsu ta ƙarshe, Auta, ta taso daga birni da fushinta, wai ya haɗa kayansa. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe ya ce mata, "In na tafi, wa zai shuka irin mamanku? Ki bar ni. Ranar da babu abin shukawa, da ƙafata zan zo." Ta yarda, ba don ta so ba.

Ana cikin haka aka buga ƙofa da ƙafa. Maƙwabciyarsa ce, Uwar Kaji, tsohuwar ƙawar marigayiya, ta naɗe kai da wuya sai ido, hannu biyu riƙe da ƙwai. Ita ce ta ce masa ya gwada irin a jiƙaƙƙen tsumma kafin lokacin shuka.

"Mai Burodi, kana da rai kuwa? Ban ga hayaƙi sosai ba, na ce ko sanyi ya yi mana aika-aika."

"Ni da zan ga bayan kajinki kaf? Shigo ki rufe min ƙofa."

Ta ajiye ƙwan, ta ja farantin gabanta. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza, ta murmushe a yatsanta.

"Kai, wannan ai ya mutu. Ina ka ajiye kwalbar?"

Ya nuna mata da 'yar alfaharinsa. Can kan kantar da ke saman murhu, daidai inda tururin butar shayi ke bugawa, ga kwalba an naɗe ta da rigar sanyin marigayiya. Murfin ma ya cire, ya ɗaure bakin da ƙyalle.

Uwar Kaji ta miƙa hannu ta taɓa. Ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci. Ta leƙa ciki, funfuna ta yi fari.

"Inna lillahi! Wa ya ce ka kawo ta nan?"

"A ɗakin ajiya na same ta, can ƙasa, wurin da ko ɓera ba ya kwana don sanyi. Na ce ciwo ne ya sa ta manta da ita a wurin."

"Murfin fa?"

"To ba zai yi numfashi ba?"

Ta zauna a kujera, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. "Bawan Allah, kwaɓi ne? Iri barci yake yi. Sanyi yake so, da bushewa, a rufe ruf. Ɗumi sai ranar da za a tashe shi. Ƙawata ba mantawa ta yi ba, nan ne makwancinsa. Ai gasa shi ka yi ta yi tun farkon sanyi."

Ya kwance rigar daga jikin kwalbar, ya ninke ta, ya sake warwarewa, ya sake ninkewa.

"Ni duk rayuwata," ya ce da ƙyar, "abin da ake so ya tashi, ɗumi ake ba shi. Kullum da safe sai na juya ta, kada gefe ɗaya ya fi samun wuta."

Allah sarki. Uwar Kaji ta kau da kai tana gyara ɗankwali, alhali ba abin da ya same shi.

"Ke ba ta taɓa ba ki irin ba?" ya tambaya.

"Ta ba ni mana, har sau nawa. Kajina suka yi biki da shi. Ni da lambu ai sai kallo ta shinge." Ta rage murya kamar akwai mai ji. "Ka saurara. Motar kasuwa tana wucewa gobe. Ka je kanti ka sayo irin tumatir na takarda, ka zuba a kwalbar. Tumatir tumatir ne. Kafin ya yi 'ya'ya, Auta ta manta da zancen."

"In ya fito sumul-sumul kamar ƙwan kajinki fa?"

"Sai ka ce ƙasa ce ta sauya. Kai dai ba gidanka kake so ba? Ka tafi birni su kulle ka a bene, kana leƙen motoci kamar aku? Ni kuma wa zan riƙa zagi da safe?"

Ta tafi ta bar shi da wannan.

Ya soya ƙwan, ya kasa ci. Da rana ta ɗan yi sama ya sa babbar riga ya fita lambu da sandarsa. Ya bi igiyoyin yana gyara turakun da sanyi ya ɗaga. Ya tsaya a fangalin tsakiya, inda ya zuba takin da ya fi kowane ruɓewa. A nan take durƙusawa, tana yi wa shuka faɗa kamar 'ya'yanta. Shawarar Uwar Kaji ba ta da wuya. Mota ɗaya ce, takarda ɗaya. Ya yi ta juya ta a ransa har yatsunsa suka ƙage.

Nan wayar ta same shi, don dama a lambun kaɗai sabis ke kamawa sosai. Auta ce.

"Baba, ina kwana? Ya sanyi? Ka sa safa kuwa?"

"Na sa har biyu. Ya mutanen gidan?"

Sai ta buɗe jakar labari, don Auta bakin uwarta ta ɗauko. An yi wa yayanta canjin wurin aiki, matarsa tana ta ƙorafin makarantar yara. Ɗanta, jikansa mai sunansa, ya zubar da haƙori, ya hana kowa gani sai kakansa. Motar mijinta ta sake mutuwa a tsakiyar titi, har masu talla suka taya turi. Yana ta "to", "madalla", "ai na faɗa masa ya rabu da motar nan", amma idonsa na kan fangalin tsakiya.

"Baba, yau ba ka da magana. Ƙugun ne?"

"Ƙugu lafiya lau."

"Irin Mama fa? Ka ce za ka gwada shi a tsumma. Ya tsiro?"

Ga ƙarya nan a bakinsa, a shirye, kalma ɗaya ce. Ya dubi igiya, ya dubi sandarsa.

"Auta, na gasa shi."

"Ka me?"

Ya faɗa mata duka, da kantar, da rigar, da murfin. Bai rage komai ba, har juyin da yake yi wa kwalbar da safe.

"Babu abin shukawa," ya ce. "Na kuma ce miki da ƙafata zan zo. Ki gyara ɗakin. Sai dai ki ba ni kwana biyu in sallami maƙwabta."

Ya ciro wayar daga kunne ya duba ko ta yanke. Sai ya ji takunta, ya ji an buɗe wata ƙofa mai ɗan tsotso, kwalabe suna karo da juna. Sannan wani ƙaramin sauti, cakas-cakas, dab da wayar.

"Baba, ka ji wannan?"

"Mene ne?"

"Irin Mama ne. Yana cikin firij ɗina, bayan kwalbar magani." Ta sake girgiza shi. "Zuwanta asibiti na ƙarshe ta ba ni. Ta ce, 'Auta, riƙe rabi ki sa a sanyi. Na san babanku, tausayinsa zai ji.'"

Mai Burodi ya nemi wurin zama ya rasa, sai ya jingina da shinge. Dariya ta zo masa tare da hawaye, har ya rasa wanda zai fara sharewa.

"Haka ta ce?"

"Wallahi haka ta ce. Kuma Baba, ban ɓoye maka ba, yanzun nan na yi niyyar yin shiru. Ka riga ka ce in gyara ɗaki. Da na kama bakina, shi ke nan, na same ka." Ta ja hanci. "Amma da ƙarya ka yi min da ban buɗe firij ɗin nan ba."

"Uwar Kaji ta so in yi."

"Ai na san aikinta ne! Ka gaishe ta." Ta yi 'yar dariya, sannan ta yi ƙasa da murya. "Akwai kuma labarin da na bari a ƙarshe. Mai sunanka zai samu ƙani. Likita ya ce wajen lokacin da tumatir ke nuna. Shi ya sa nake ta son ka kusa, ba don ƙugun kaɗai ba."

"Kai, masha Allah! Allah ya raba lafiya." Ya kalli raɓar da ta soma narkewa a kan igiya. "To ji nan. Ki bar ni in shuka, in girbe, in cire na baɗi. Kwandon farko na mai jego ne, ni zan kawo da kaina. In sanyi ya dawo kuma, a wurinku zan yi shi. Lambu ba ya bukatata a sanyi. Yau na gane."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Ki ajiye ni kusa da firij ɗin, tunda can ake ajiye abin da ake so ya kai baɗi."

"Ranar Asabar za mu zo, in motar ta yarda. Rabi zan kawo, Baba. Rabi yana nan."

"Haka ya kamata." Ya gyara tsayuwa, ya soma takawa zuwa gida. "Af, Auta. Hanya akwai sanyi sosai. In za ki taho da shi, ki samu ɗan bargo ki naɗe..."

"Baba!"

Ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"To," ya ce. "To. Kawo shi haka nan."

Da ya shiga, ya wanke kwalbar, ya goge ta ƙal, ya nemo murfinta a aljihun tebur. Ya kai ta ɗakin ajiya, can ƙasa inda ya same ta. Rigar kuwa ya yafa a kafaɗarsa, ya zauna gaban murhu ya ci ƙwansa da sanyinsa.