Fitilun Kicin Ɗin Mama

Ranar Laraba masu silin suka gaya wa Baba cewa washegari za su rufe saman kicin. Fitilun da ya zaɓa wa sabon gidanmu ba masu lilo ba ne, irin waɗanda ake huda silin a cusa ne, fuskarsu kawai ake gani. Da zarar an rufe an shafe, duk inda aka bar waya nan fitila za ta dawwama. Shi ya sa a ranar muka ɗunguma da hantsi, ni da Baba da Mama da Yaya, mu ga inda mai aikin wuta ya sa alama.

Mai aikin wutar, wanda kowa ke kira Injiniya, ya riga ya gama. A daɓen kowane ɗaki ya zana ƙananan da'irori da alli, kowace daidai ƙarƙashin inda fitila za ta fito. Na kicin guda huɗu ne, sun jeru a tsakiya.

"Yallaɓai, ka ga layi?" in ji shi. "Ko da zare ka auna, ba za ka kama ni ba."

Baba ya gyaɗa kai, ransa fes. Mama ta ce ya yi kyau. Ita dama komai ya yi kyau.

Ni bango nake kallo. Kicin ɗin wayam yake, kafinta bai kawo komai ba tukuna, sai dai ya ja layi da fensir inda doguwar kantar girki za ta zauna. Idon Mama ya yi rauni tun bara. A tsohon gidanmu ƙwan fitila ɗaya ne a tsakiya, kuma na daɗe ina lura da yadda take yanka albasa a karkace, kafaɗa ɗaya gaba, don kada inuwarta ta rufe mata hannu. Sau biyu wuƙa ta kama mata yatsa a wata guda. Ba ta taɓa ɗora wa fitila laifi ba, cewa take tsufa ne.

Magana a gaban mutane ba ta cikin abin da na iya, amma wannan na tabbata da shi.

"Injiniya," na ce, "in mutum ya tsaya a gaban kantar girki, fitilun a bayansa suke."

Yaya ya tafa hannu. "Jama'a, Auta ta yi magana! A rubuta ranar."

Injiniya ya yi murmushi. "Ƙanwata, kanta ta kafinta ce, nawa haske ne. Ɗaki nake aunawa in raba daidai, shekara ashirin ke nan. Fitila huɗu fa! Ko allura ta faɗi sai kin gan ta."

"A tsakiyar ɗaki, eh. Ka ara min tocilarka?"

"Digirinki na tarihi ne fa," Yaya ya tuna min.

"Na sani. Kama min tsani."

Muka toshe taga da kwalayen tayil har ɗakin ya yi duhu. Na kife bokitan fenti, biyu-biyu a kan juna, na ɗora katako daidai layin kafinta. Yaya ya hau tsani yana ƙunƙuni, ya riƙe tocila a saman da'irar farko, ya haska ƙasa. Na shimfiɗa tef ɗin awo a kan katakon.

"Mama, tsaya nan kamar za ki yi yanka. Wace lamba na sa wa yatsa?"

Ta sunkuya. Inuwar kanta da kafaɗunta ta kwanta a kan katakon, baƙi ƙirin. Ta fara karkacewa.

"Kar ki juya, Mama. Tsaya yadda kike so ki tsaya."

"Ba na gani," ta ce a hankali.

Muka ja tsanin gaba, wajen bango. Yaya ya sake haskawa.

"Arba'in da bakwai," in ji Mama, ko sunkuyawa ba ta yi ba.

Injiniya ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, na ga abin da take nufi. Amma in na matsar da su, layi ya ɓaci. Baƙo zai shigo ya ɗaga kai ya ce wane makaho ne ya yi aikin nan. Ga wayoyi na riga na yanka, sai na sake ja. Masu silin kuma gobe suka ce."

Baba ya dubi sama, ya dubi da'irorin. Na san shi da son abu a jere, ko takalma a bakin ƙofa sai ya daidaita su. Na buɗe baki ke nan Mama ta riga ni.

"Baƙon da zai kalli silin, shi zai riƙe min wuƙar?"

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya har tsanin ya girgiza. Baba ya ce, "To, ka ji mai ɗaki. A matsar."

Injiniya ya karɓi tocilarsa, ya hau tsanin da kansa. Ya kai hasken jikin bango, ya dawo da shi, ya sake kaiwa.

"Ƙanwata, kin kusa, amma kin matsa ciki da yawa. Kabad za a rataya a nan sama, zai tare rabin hasken. Daidai bakin kanta za a sa su." Ya tsayar da hannunsa. "Nan. Uku a wannan layin, ɗaya a saman wurin wanke-wanke, biyu a tsakiya saboda masu wucewa. Mama, sake karantawa."

Ta karanta lamba uku a jere, har da ƙananan.

Ya sauko yana murza tsofaffin da'irorin da takalmi, ya leƙa waje ya ƙwala wa shugaban masu silin kira. "Malam, gobe ku fara da falo! Kicin sai jibi."

Mama ta kamo hannuna. "Zo mu je ɗakina. Keken ɗinkina jikin bangon gabas zai zauna, kuma ban ga alli a wurin ba."